Ranar da Baƙin Kashe-Inji Suka Kama Filafili

A bakin tafkin nan, in ka tambayi sunansa na yanka, sai an yi ta kallon-kallo kafin a samu mai tunawa. Amma ka ce Kashe-Inji kake nema, ko mai sayar da rake zai nuna maka shi da baki. Ga shi can, gajere, ƙirar turmi, da hular da rana ta cinye launinta, yana kwarfe ruwa daga jirginsa da rabin jarka.

Sana'arsa ɗaukar baƙi. A tsakiyar tafkin akwai wani tsibiri da tsuntsaye suka mayar gida, zalɓe da balbela da dinya da wasu da ba kowa ya san sunansu ba, kuma mutane kan taso daga nesa don su gan su. Jirage masu inji suna da yawa a bakin ruwan, amma nasa ne kaɗai yake isa har gindin tsibirin. Dalilin haka shi ne dalilin sunansa.

Ɗan masunta ne shi, amma ƙuruciyarsa a birni ya yi ta, a gidan injin niƙa. Shekaru ya kwashe yana zuba hatsi yana kwashe gari, har kunnensa na hagu ya yi murabus. Shi da kansa yakan ce inji ya ci kunne ɗaya, ɗayan kuma ya gudo da shi gida kafin a haɗa da shi. Da ya dawo, ya sayi jirgi da ɗan tsohon inji, ya tarar da rigima. Masu jirage suna kwasar baƙi a guje har bakin tsibirin, tsuntsaye su tashi a firgice su bar ƙwai a rana, igiyar ruwa ta tsinka ragar masunta, ta kuma riƙa zaizaye lambunan ƙauyen da ke tsallake. Da abin ya ishi mutanen ƙauyen, suka ce daga wata busasshiyar bishiya da ke tsaye cikin ruwa, kada jirgin baƙi ya ƙara wucewa.

Sauran masu jirage suka yi ta kumfar baki, wai ruwa ba gadon kowa ba ne. Shi kuwa ya wanke rigarsa, ya tafi wurin dattijon masuntan, wanda abokin mahaifinsa ne, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, in na kashe inji daga bishiyar fa? In ƙarasa da filafili?"

Dattijon ya dube shi sama da ƙasa. "Da jirgi cike da mutane? Kai ɗan marigayi, daga bishiyar zuwa tsibirin ba nan kusa ba ne."

"Na sani, Baba."

"Kullum?"

"Kullum."

"To, ka ji da kunnenka mai aiki. Ran da na ji ƙarar injinka a bayan bishiyar nan, ba sai mun yi magana ba."

Babu takarda, babu shaida sai wata akuya da ke tauna igiyarta. Amma tun daga ranar, da jirginsa ya zo daidai bishiyar, sai ka ji ɗif. Ya ɗaga injin daga ruwa, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗauki filafili. Masunta suka laƙaba masa Kashe-Inji, sunan ya bi shi har gida, har jikokinsa ma Kaka Kashe suke ce masa.

Ba a nan kaɗai tsarinsa ya tsaya ba. Akwai wani buhu rataye a hancin jirgin, kuma duk wanda ya ɗaga hannu zai jefa leda ko gorar roba a ruwa, sai ya ji an ce masa cikin fara'a, "Ranka ya daɗe, kifayenmu sun ƙoshi, ba wa buhu." In an dawo daga tsibirin, yakan ratsa da baƙi ta ƙauyen, su sayi busasshen kifi da kayan lambu a hannun matan da suka yi wahalarsu. Kafin su sauka kuma yakan ja musu kunne a kan hoto: a yi sallama, a gaisa, a nemi izini. "Ku ma in wani ya faɗo gidanku kuna tsakar wanki ya ɗauke ku, ai ba za ku ce masa sannu da aiki ba." Wasu baƙin su yi dariya, wasu su tsuke fuska. Masu gaggawa kuwa yakan nuna musu jirgin Guguwa.

Guguwa ƙanin matarsa ne, mai jirgi ja da inji kamar na jirgin sama. Yakan kai baƙi daidai bishiyar, ya nuna musu tsibirin daga nesa, ya ce fararen abubuwan can tsuntsaye ne, ya juyo. Kafin Kashe-Inji ya yi sawu ɗaya, shi ya yi ta kai da kawo har ya gaji. Kullum in sun haɗu a kan ruwa sai ya ɗaga murya: "Yaya, in ka isa ka gaida su! In ka dawo baɗi ka same mu lafiya!"

"Sannu ba ta hana zuwa, ɗan nema," in ji Kashe-Inji.

Haka aka yi ta tafiya har gemunsa ya yi fari. Sai kafaɗar dama ta fara magana.

Da farko ɗan tsami ne da safe. Daga baya ta kai in zai sa riga sai ya yi ta lanƙwasa kamar mai kokawa da aljani. Bai gaya wa kowa ba, musamman matarsa, wadda yake kira Shugaba tun suna amarci, don ya lura da wuri cewa in an yi shawara a gidan, tata ce ke zama doka. Ya ɗauka ya ɓoye mata sarai. Ita kuwa tun ranar da ya ɗauki buta da hannun hagu ta gane, ta dai zuba masa ido.

Wata safiya yana fama da rigar a bayan ƙofa, sai ya ji an ɗaga masa hannun rigar daga baya an zura masa.

"Maigida, yaushe za ka gabatar mini da ita?"

"Da wa?"

"Kafaɗar. Na ga kun shaƙu, kullum kuna ƙus-ƙus a bayan ƙofa."

Ranar ta tasa shi gaba har asibiti. Likita ya lallatsa, ya ce ya ɗaga, ya kasa. Ya tambayi aikinsa, aka gaya masa, ya ajiye biro ya ce tuƙa jirgi cike da mutane da filafili shi kaɗai ya ƙare, sai dai in yana so nan gaba a riƙa ba shi abinci a baki.

A hanyar dawowa ya yi ta lissafi. Abin a fili yake. In ya daina tuƙi da filafili, ko dai ya wuce bishiyar da inji ya karya alkawari, ko ya tsaya a bishiyar kamar kowa, ya riƙa nuna wa mutane fararen ɗigo daga nesa. Ya nemi mai taya shi, amma samarin bakin ruwan duk sun koma haya da babur, ɗansa kuma yana aikin jinya a birni. Guguwa ya zo dubiya da lemo a leda, da shawara kyauta.

"Yaya, ka rage wutar injin kawai, ya riƙa tafiya a hankali. Dattijon masuntan nan ai kunnensa ya fi naka lalacewa. Tsuntsu kuma ba shi da lauya."

"Ni ina da kunne ɗaya, kuma zai ji."

Da Guguwa ya tafi, Shugaba tana tsince shinkafa a faranti, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Su baƙin naka, ba su da hannuwa ne?"

"Kamar yaya?"

"Ka ba su filafili su tuƙa."

Kashe-Inji ya miƙe zaune har kafaɗar ta soke shi. "Shugaba! Mutum ya taso daga uwa duniya, ya biya kuɗinsa, ya shiga jirgina, in miƙa masa aiki? Baƙo? In kin yi baƙuwa, tsintsiya kike miƙa mata?"

"In ta daɗe, har da wanke-wanke."

"Ba a jirgina ba. Gara in sayar da shi."

"To," in ji ta. Kuma duk wanda ya zauna da Shugaba ya san wannan "to" ɗin ba ƙarshen magana ba ne. Washegari aka gan ta a rumfar kafinta tana gwada masa tsawon wani abu da hannu.

Ya yi 'yan kwanaki a gida yana shafa man zafi, yana ƙirga ƙudaje. Da ya ji ɗan sauƙi, ya ce ai ya warke, likitoci dama sun iya tsoratar da mutum. Ya sa hula ya nufi bakin ruwa. Shugaba ba ta hana shi ba, har ma ta ce ta sa an gyara masa shimfiɗar tamfol a ƙasan kujerun jirgin saboda laima. Ya yi mata godiya.

Baƙin ranar 'yan ƙungiyar direbobin manyan motoci ne da suka fito shan iska. Manya-manyan mutane, masu manyan muryoyi, waɗanda suka saba magana a kan ƙarar inji. Akwai shugabansu da suke kira Ciyaman, mai tumbin da rigar kariya ta ƙi rufewa sai da aka ƙara igiya. Sun kuma taho da matar da ke dafa musu abinci a tasharsu, wadda suke kira Inna, don a cewarsu ba sa zuwa ko'ina ba da ita ba. Tun kafin a tashi suka leƙa injin, suka yi masa gwaji da ido, suka yanke hukuncin cewa ya girmi wasunsu.

Aka kama hanya lafiya. Da aka zo bishiyar, hannunsa ya yi abin da ya saba. Ɗif. Ya ɗaga injin, ya ɗauki filafili, ya tsoma, ya ja.

Ja na farko ya wuce. A na biyu sai ya ji kamar an soka masa ƙusa mai zafi daga kafaɗa har wuya. Filafilin ya kuɓuce ya faɗi cikin jirgi. Ya dafe wurin, gumi ya karyo masa.

"Baba, lafiya? Mai ne ya ƙare?" in ji Ciyaman.

"Akwai mai."

"To, ba ta wuta mana. Ko turi take so?"

Jirgin ya riga ya gota bishiyar, iska tana tura shi a hankali. Can gefe, ba nisa, ga dattijon masunta a ɗan kwale-kwalensa yana duba raga. Ya tsufa ƙwarai yanzu, ya ranƙwafa, amma ya ɗago kai yana kallo. Kashe-Inji ya dubi igiyar tayar da injin. Da hannun hagu ma zai iya ja. Ja ɗaya, a rage wuta, a lallaɓa. Wataƙila ma tsohon ya yi masa uzuri, ai ya ga halin da yake ciki. Har yatsunsa sun taɓa igiyar, sai ya janye su ya sa a aljihu, kamar mai tsoron kada su yi gaban kansu.

"Jama'a, ku yi haƙuri," ya ce. "Daga bishiyar nan ba na tayar da inji. Alkawari ne tsakanina da mutanen ƙauyen can, saboda ragarsu da lambunansu da tsuntsayen da kuka zo gani. Da hannu nake ƙarasawa, yau kuma hannun ya ƙi. Sai dai mu jira iska ta juya ta mayar da mu wurin bishiyar, in tayar da inji, in kai ku gida, a mayar muku da kuɗinku."

Sai wani dogo daga baya ya ce, "Wato nan ne shingen, kuma ba a cin hanci."

"Ba a ci."

"Kai, ashe akwai irin wannan hanyar a duniya!"

Ana cikin dariya, Inna da ke neman wurin miƙe ƙafa ta ce, "Wai mene ne wannan a ƙarƙashin tamfol yake ta tokare ni tun ɗazu?" Ta yaye. Ga filafilai sababbi fil, an jera su kamar cokula, suna ƙanshin katako.

Kashe-Inji ya dube su, ya rufe ido. A ransa ya ce, Shugaba, Allah ya isa tsakanina da ke. Sannan ya ce, amin, amma a sassauta.

Bai ma buɗe baki ba, direbobin suka yi wa filafilan wawa. Ciyaman ya naɗe hannun riga. "Baba, zauna ka huta. Ka ɗauko gwanayen tuƙi, ba ka sani ba. Mu nan babu wanda bai tsallaka ƙasashe da tirela ba."

"Ranka ya daɗe, ku baƙi ne, bai kamata..."

"Baƙi a ina? Matsa mana."

To, a nan ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba a tafkin. Jirgi guda, kowa direba, babu yaron mota ko ɗaya. Kowannensu ya saba shi ke riƙe da sitiyari, don haka kowa ya zaɓi inda za a nufa, ya tuƙa can da iyakar ƙarfinsa. Na dama suna ja gaba, na hagu suna gyara musu. Jirgin ya juya ya kalli inda aka fito, ya sake juyawa ya kalli ƙauye, ya dawo ya gaida bishiyar.

"Kai Dogo, hannunka! Hannunka nake ce maka!"

"Ni ne a hannuna, kai ne ka shigo nawa!"

"Wa ya ba wannan lasin?"

"Ciyaman, tumbinka ne ya karkatar da motar, koma tsakiya!"

Wani ma har yana miƙa hannu waje yana ba da alamar zai sha kwana. Daga kwale-kwalensa, dattijon masunta ya ajiye raga ya riƙe ciki. A can tsibirin kuwa, wasu balbelu sun fara ɗaga wuya saboda hayaniyar, abin da ya fi damun Kashe-Inji ke nan. Ya kashe inji ɗaya, ya tayar da goma.

Inna ce ta raba gardamar. Ta ɗauki murfin kular abinci ta buga a gefen jirgi sau ɗaya. "Ku rufe mini baki! Duk wanda na ƙara jin muryarsa, babu nama a kwanonsa har wata ya mutu. Mai jirgi ne direba. Ku duk yaran mota ne yau. Baba, faɗa musu."

Ba a taɓa rage wa manyan mutane muƙami da sauri haka ba. Kashe-Inji ya gyara zama a baya, ya saƙale tsohon filafilinsa a hammatar hagu ya mai da shi abin juya jirgi. Ya raba su gida biyu daidai, ya sa Ciyaman a tsakiya. Ya ce kada kowa ya dubi tsibirin, kowa ya dubi bayan na gabansa. In ya ce "tsoma", a tsoma, in ya ce "ja", a ja. Ya fara faɗa a hankali, ƙasa-ƙasa, har ya zamana ba ya buƙatar faɗa. Jirgin ya miƙe.

Shirun da tsoron Inna ya fara, haki ya ƙarasa shi. Babu mai sauran numfashin gardama. Ba ka jin komai sai shigar katako cikin ruwa da ɗigar ruwa daga bakinsa. Da suka matso, ya ɗaga hannu, aka ɗaga filafilai, jirgin ya sulala da kansa ya tsaya a inuwar ciyayi.

Tsuntsu ko ɗaya bai tashi ba. Ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Ga dinya da 'ya'yanta a jere suna bin ta. A wata sheƙa da ke daf da su, har ana ganin uwa tana zura wa 'ya'yanta abinci a baki, su kuma suna ta ƙara miƙo wuya. Kuka iri-iri ya cika wurin, siriri da kauri, na kusa da na nesa. Kashe-Inji ya juya kunnensa mai aiki, kamar yadda yake yi kullum.

Ciyaman ya daɗe yana kallo, gumi na bin wuyansa. Can ya sunkuyo ya yi raɗa, wataƙila raɗarsa ta farko tun yana yaro: "Baba, kullum haka suke?"

"Kullum, in ba a dame su ba."

"Mu kuwa mun sha wuce irin wuraren nan da hon." Ya dubi tafin hannunsa da ya fara yin ja, ya yi murmushi. "Amma fa mu muka kawo kanmu."

Da suka ratsa ta ƙauyen, sun yi sallama, sun nemi izini kafin hoto, sun kuma saye kifin matan kaf, don tuƙi ya buɗe musu ciki. Dattijon masunta ya iso a kwale-kwalensa, ya kama gefen jirgin.

"Ɗan marigayi, na ga hannunka ya je wurin igiya."

"Ya je, Baba. Ya dawo."

"Na gani." Tsohon ya ɗauki ɗaya daga sababbin filafilan, ya jinjina, ya duba bakinsa. "Na dai ce kada in ji inji. Ban ce kada in ga jirgi yana rawa ba. Gobe ma ka kawo su, na daɗe ban yi dariya haka ba."

Da yamma ya shiga gida yana ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar tana ƙi. Shugaba tana tankaɗe a tsakar gida.

"Sannu da zuwa, Maigida. Tamfol ɗin ya hana laima?"

"Ya hana."

"Madalla."

Ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya yi gyaran murya. "Dama na daɗe ina tunanin wani sabon tsari. In riƙa ba baƙi filafili."

"Kai, amma ka yi tunani," in ji ta. "Ni ina zan iya wannan hikimar? Kafinta dai ya ce a gaishe ka, kuma yana nan yana jiran mai hikimar ya zo ya biya."

Yanzu in ka je bakin tafkin, za ka tarar da mutane suna jiran jirgin Kashe-Inji alhali ga wasu jiragen babu kowa. Tun a tudu yake gaya wa kowa: daga bishiya, hannunka ne injinka, wanda ba zai iya ba kuma a zaunar da shi a tsakiya a kai shi cikin girma. Kafaɗar tana nan, ba ta warke ba, ba ta kuma ƙaru ba, sun dai koyi zama da juna. Direbobin sun dawo da iyalansu, Ciyaman yana nuna wa matarsa yadda ake riƙe filafili kamar a ruwa aka haife shi.

Guguwa har yau bai daina tsokana ba. In ya wuce su a guje yakan ɗaga murya: "Yaya, kai ne mutum na farko da ake biya don a yi masa aiki!"

Kashe-Inji ba ya tanka masa. Lokacin bishiyar ta matso, hannunsa na hagu yana kan makunni, kuma akwai baƙi a gabansa da suka riga suka tofa yawu a tafin hannu suna jira.